Me Zan Karanta a Hutun Nan?

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Kibiya. Wane littafi zan karanta a hutun nan?

Amsa: 'Yata, fara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934. Gajere ne, kuma ramuwar gayyar Alhaji Imam da Malam Zurƙe har yau tana sa ni dariya. In soyayya kike so, ga In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya fi shi ɗaci, labarin uwargida ne da miji ya wulaƙanta. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa, bari sai kin natsu, zancen bauta ne. In babu su a Rano da ke kusa da ku, ki ba mai zuwa Kano sautu.