Tsakanin Zauren Hukuma da Tsakar Gida: Nazari a Kan Baje Kolin Fasaha a Unguwannin Dakar

A ƙarshen watan Afrilun 2024, saura 'yan makonni a buɗe Dak'Art, babban bikin baje kolin fasahar zamani da gwamnatin Senegal ke shiryawa duk shekara biyu, hukuma ta sanar da ɗage shi daga Mayu zuwa Nuwamba. Masu fasaha da dama sun riga sun sayi tikitin jirgi, sun biya haya, sun auno kayansu. Maimakon su zauna jiran hukuma, da yawa daga cikin masu shirya ɓangaren da ake kira OFF, wato nune-nunen da ba na gwamnati ba, sun buɗe ƙofofinsu a watan Mayun. Wannan maƙala ta ɗauki lamarin a matsayin ma'auni, domin ya fito da wata tambaya fili: shin ƙarfin fasahar birnin yana zauren hukuma ne, ko yana cikin unguwanni?

Amsar tana cikin tarihi. Shugaba Léopold Sédar Senghor, wanda ya karɓi baƙuncin bikin fasahar baƙaƙen fata na duniya a Dakar a 1966, ya zuba dukiya wajen horar da masu zane, ya kuma kafa masaƙar dardumar bango a Thiès. Sai dai tallafin ya zo da sharaɗin da ba a rubuta ba: aikin ya dace da aƙidar Negritude. A 1974 wasu masu fasaha suka kafa Laboratoire Agit'Art don bijire wa wannan tsari. Fitaccen cikinsu shi ne Issa Samb, wanda ya rasu a 2017. Tsakar gidansa da ke titin Jules Ferry ita ce ɗakin aikinsa, ita ce kuma wurin nuni. Ya riƙa haɗa tsumma da waya da busassun ganye ya bar su rana da ruwa su ci. Abin da ake nufi a fili yake: aikin da ke ruɓewa ba ya sayuwa, hukuma kuma ba ta iya rataye shi a ofishin jakadanci.

Wajen 1990 sai harkar Set Setal ta ɓullo. Kalmomin Wolof ne masu nufin tsabta da tsabtacewa. Matasan unguwanni, waɗanda matsin tattalin arziki da rikicin zaɓen 1988 suka gajiyar, sun kwashe shara, sun share kwatami, sannan suka cika bangaye da hotunan shehunai irin su Ahmadu Bamba da na jaruman tarihi. Babu wanda ya tantance su, babu wanda ya gayyace su. A ganina a nan ne mutanen Dakar suka saba da kallon fasaha a bakin ƙofa, tun kafin Dak'Art ya karkata ga zane da sassaƙa a 1992.

Fasahar gwaji ta na'ura ta shigo ne ta wannan ƙofar. (Kalmar har yanzu ba ta zauna ba a Hausa, ina nufin aikin da kayan haɗinsa sauti ne ko bidiyo ko haske ko manhajar kwamfuta, wanda kuma sau da yawa sai mai kallo ya taɓa ko ya motsa kafin ya yi aiki.) A 2002 aka kafa Kër Thiossane a unguwar Sicap Liberté, cikin gidan zama irin na kowa. "Kër" gida ne a Wolof. Daga 2008 cibiyar ta fara shirya bikin Afropixel, inda masu fasaha da masu rubuta manhaja ke aiki tare, suna fifita manhajojin da kowa ke da izinin buɗewa ya gyara. Daga baya ta buɗe ɗakin ƙere-ƙere mai suna Defko Ak Niëp, ma'ana a yi shi tare da kowa, ta kuma mayar da wani filin unguwa da aka yi watsi da shi lambu.

Lambun ya fi jan hankalina a kan na'urorin. Majigin da ke haska bango da dare yakan tara jama'a, amma taron kallo ba ya tabbatar da cewa aikin na jama'a ne. Ma'aunin da nake ganin ya fi dacewa shi ne wanda zai gyara na'urar idan ta lalace. Zanen Set Setal in ya koɗe, yaron unguwa mai gwangwanin fenti zai iya sabunta shi. Aikin da ya dogara da wata na'urar da aka shigo da ita daga Turai kuwa, ranar da mai shi ya hau jirgi, kwanansa ya kusa ƙarewa. Shi ya sa koyar da haɗa waya da ɗinke allon lantarki, da jawo makanikai da masu gyaran waya cikin aikin, ya fi kowace takardar bayani muhimmanci. Lambu yana koyar da wannan darasi ba tare da jawabi ba, tunda in ba a samu mai ban ruwa ba, kowa zai gani cikin mako guda.

Akwai inda ya kamata a yi taka-tsantsan da yabon OFF. Ba duk abin da ke ƙarƙashin sunan ne na unguwa ba. Ciki har da nune-nunen otal-otal da na cibiyoyin al'adun ƙasashen waje da na dillalan zane, kuma cibiyoyi masu zaman kansu da dama sun dogara da tallafin ƙetare, wanda shi ma da nasa sharuɗɗan. Haka nan ranar da OFF ya riƙe a Mayun 2024 hukuma ce ta tsayar da ita tun farko, baƙin da suka cika wuraren kuma sunan Dak'Art ne ya kawo su. Da Nuwamba ya zo, aka buɗe babban nunin a tsohon ginin kotun da ke Cap Manuel, OFF ya sake buɗewa tare da shi, karo na biyu cikin shekara ɗaya.