Giyar Doguwar Tafiya: Sau Nawa Inji Yake Juyawa a Kan Babbar Hanya?

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Kano zuwa Katsina ya san cewa da zarar an fita gari direba ya sa giyar ƙarshe, sai kukan inji ya sauko, alhali kuwa gudun motar bai ragu ba. Abin da ya faru a wannan lokaci lissafi ne da ɗalibin sakandare zai iya yi a kan allo.

A duba yaro da mahaifinsa suna tafiya gona kafaɗa da kafaɗa. Tare za su isa, amma yaron ya fi yawan taku, domin takunsa gajere ne. Haka giyar mota take. Giya ita ce take ƙayyade yawan juyin da inji zai yi kafin taya ta juya sau ɗaya. A giya ta ɗaya taku gajere ne mai ƙarfi, a ta ƙarshe kuwa dogo ne marar ƙarfi.

A tsofaffin motoci masu giya huɗu, irin Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, wadda direbobi suke kira Fijo, giya ta huɗu kai-tsaye take. Wato idan inji ya juya sau ɗaya, sandar da take kai ƙarfi zuwa tayoyin baya ita ma sau ɗaya take juyawa. Giyar doguwar tafiya, wadda Turawa suke kira obadiraif, ta wuce nan: sandar tana juyawa fiye da injin kansa.

Misalin da ya fi fito da wannan a fili shi ne MGB, wata ƙaramar motar ƙwalisa mai kujera biyu da aka ƙera a Ingila daga 1962 zuwa 1980. Giya huɗu gare ta, amma mai saye yana iya ƙara kuɗi a ɗaura masa wani ɗan akwati a bayan akwatin giya, ƙirar kamfanin Laycock na birnin Shafil. A cikinsa akwai ƙananan ƙafafu masu haƙora da suke zagaya wata ta tsakiya, kamar yadda duniyoyi suke zagaya rana. Direba ba ya taka kuloci, maɓallin lantarki kawai yake taɓawa, matsin mai ya yi sauran aikin.

To, ga lissafin. Tayar MGB tana cin ƙasa kimanin mita 1.9 a kowane juyi. Gudun kilomita 100 a awa daidai yake da mita 1,667 a minti, saboda haka taya tana juyawa kimanin sau 877 a minti. Haƙoran da suke tsakanin tayoyin baya suna bukatar sanda ta juya sau 3.9 kafin taya ta juya sau ɗaya. Idan aka ninka 877 sau 3.9, za a ga cewa a giya ta huɗu inji yana juyawa kimanin sau 3,400 a minti. Da an taɓa maɓallin nan, a motocin da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1960, sai a ninka wannan adadi da 0.82, ya koma kimanin 2,800. An rage wa inji juyi 600 a kowane minti, ko kuma juyi 370 a kowace kilomita. A tafiya irin ta Kano zuwa Katsina, mai nisan kilomita 170 ko kusa da haka, ragin ya haura juyi 60,000.

Amfanin wannan ragi iri biyu ne. Na farko a bayyane yake: kowane juyi gogayya ce tsakanin ƙarfe da ƙarfe, kuma gogayya tana cinye wani kaso na ƙarfin man fetur, ta mayar da shi zafi. Na biyu ya fi ɓuya. Injin fetur numfashi yake yi, yana zuƙar iska ta wata ƙofa wadda totur yake buɗewa da rufewa. Idan inji yana juyawa da sauri amma totur a ɗan buɗe yake, to yana wahalar zuƙa, kamar mutumin da aka ce ya yi numfashi ta cikin karan alkama. A giyar doguwar tafiya kuwa, juyi kaɗan ne, ƙofar kuma ta fi buɗewa, sai wahalar zuƙar ta ragu. Daga baya masu ƙera motoci suka shigar da wannan giya cikin akwatin giya kansa a matsayin giya ta biyar, aka daina bukatar akwati na daban.

Sai dai kuma abin da aka samu ta fuskar juyi an biya shi ta fuskar ƙarfi. Ƙarfin da yake isa taya ya ragu da kashi 18 cikin 100, daidai gwargwadon ragin juyin. Wannan ne ya sa giyar ba ta dace da kowace hanya ba. An ƙirƙiro ta ne domin doguwar hanya miƙaƙƙiya da mota marar nauyi. Karkarar arewacin Kano kuwa ƙauye ne bayan ƙauye, gona a jikin gona. Tsakanin Dawanau, Bichi da Tsanyawa, ko a hanyar Dambatta ranar kasuwa, da wuya a yi tafiya mai nisa ba a ci karo da jaki, amalanke, awaki ko mai keke ɗauke da kara ba. Motar hayar ma a cike take da fasinja da buhunan gero.

Akwai direbobi masu ganin cewa barin mota a giyar ƙarshe ko'ina tattalin mai ne. Kuskure ne. Bisa lissafin da ya gabata, idan gudu ya sauko zuwa kilomita 40, juyin inji bai fi 1,100 da 'yan kai ba. A nan inji ba shi da kuzari, in aka taka totur sai ya riƙa kaɗawa yana ƙwanƙwasa, ƙarafan cikinsa suna shan duka. Kuɗin man da aka ce an adana, bakanike ne zai karɓe shi.

Haɗarin da ya fi wannan yana wajen wuce babbar mota. Injin MGB ya fi jan kaya a wajajen juyi 3,000, cikakken ƙarfinsa kuma sai ya haura 5,000. Direban da yake bin tirela a kan kilomita 80 cikin giyar doguwar tafiya yana kan juyi 2,250 ne kawai. In ya fita hannun da ba nasa ba a haka, motar za ta ɗauki gudu a hankali, ya daɗe a gefen tirelar, wata motar kuma tana tahowa. Da ya sauko giya ta uku, juyin zai tashi zuwa kimanin 3,800, ya wuce cikin hanzari. Adadin ya bambanta daga mota zuwa mota, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Haka nan, saukowar kukan inji tana ruɗin kunne, direba ya ƙara gudu bai sani ba. Iska kuwa ba ruwanta da giya. Turjiyarta tana ƙaruwa ne da murabba'in gudu, wato daga kilomita 80 zuwa 120 tana ninkuwa sau 2.25, kuma da mai ake biyan wannan.

Malami yana iya gwada wannan darasi a harabar makaranta. A sa alli a gefen tayar wata mota da kuma ƙasa, a tura ta har tayar ta juya sau ɗaya, a auna nisan da igiya. Ɗalibai su raba 1,667 da wannan nisa, su ninka da 3.9, sa'an nan da 0.82. Daga nan su sake lissafin da gudun kilomita 60 da na 40, su faɗi inda ya kamata direba ya sauko da giya.