Jan-Ciki a Ƙasar Gishiri

Wani matashi daga Keana ya aiko da tambaya game da 'yar dabbar nan ta ruwa mai baƙin baya da ciki ja kamar garwashi, wadda ya gani a waya tana yawo cikin akwatin gilashi, har sha'awarta ta kama shi yana neman mai kawo masa.

Ɗana, shawarata ita ce ka haƙura, ga kuma hujjata. Wannan halitta, ko da yake siffarta ta ƙadangare ce, haƙiƙa dangin kwaɗo ce, asalinta kuwa tafkuna da fadamun shinkafa na ƙasar Sin da Japan, inda Allah Maɗaukakin Sarki ya ɗabi'antar da ita a kan ruwan sanyi wanda bai wuce daraja 20 a ma'aunin zafi ba, alhali kuwa kai shaida ne cewa a watan Maris da Afrilu zafin Keana da Lafiya yakan haura 35. Da zarar ruwanta ya zarce 25 ya daɗe a haka, sai ka ga ta fito ta lafe a bisa dutse, ta ƙi abinci, ta rame, gyambo ya fito mata, bayan kuwa a hannun wanda ya iya tana iya shekara 15 ko fiye.

Mas'ala ta biyu ta garinku ce musamman. Gishirin da matan Alago suka gāji tacewa da dafawa tun kaka da kakanni, wanda ya ɗaukaka sunan Keana a kasuwanni, albarka ne ga mutane, amma ga wannan dabba halaka ne, domin ba da baki take shan ruwa ba, fatarta ce ke tsotsarsa, don haka duk rijiyar da ruwanta ke da zartsi sai ta janye mata ruwan jiki. Fatar nan kuma tana fitar da dafi irin na talibamban teku. Ba ya cutar da hannu mai lafiya, amma in ya shiga ido ko miki ko bakin yaro, to abin ya zama na asibiti.

In kuwa ƙaddara ta riga ta sa tana hannunka, to ta zama amana, kuma malamai sun daɗe suna tunatar da mu hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Ka ajiye akwatin a ƙasa, a ɗakin da ya fi kowanne sanyi, nesa da taga; da rana ta take ka jefa gorar ruwa mai ƙanƙara a ciki, a rufe, kana sauyawa. Ka yi amfani da ruwan sama mai tsabta, ko na famfo da ya kwana biyu a buɗe, kowane mako ka canza rubu'insa. Ka sa dutse ya ɗan fito saman ruwa, ka rufe da raga, gama tana hawan gilashi. Abincinta tana ce a yayyanka, bayan kwana biyu ko uku. Kada ka yawaita taɓa ta, in ka taɓa ka wanke hannu da sabulu.

Kada kuma, don Allah, ka sake ta a rafi in ka gaji. A shekarar 2013 masana a Jami'ar Ghent ta Beljiyam suka gano wata cutar fata da ta kusa ƙarar da dangin wannan dabba na daji a Holan, bincike ya nuna daga Asiya ta zo ta hanyar cinikin dabbobin ado, har Amurka ta hana shigo da iri 201 na dangin wannan dabba a 2016. Ruwan akwatin ma kada ya gangara fadama inda kwaɗinmu ke hayayyafa. Zuba shi a busasshiyar ƙasa inda rana za ta ƙone shi.