Daga Difloma Zuwa Gaban Allo: Hanyar Zama Malamin Kemistiri

Mu 'yan ajin ƙarshe na difloma, hirarmu a 'yan kwanakin nan ba ta wuce "bayan nan sai ina?" Wasu HND suka sa a gaba, wasu kasuwa. Ni dai na yanke shawarar tafiya jami'a in karanta kemistiri don in koyar a sakandare. Ga abin da na tattaro game da hanyar, musamman ga 'yan sashenmu na SLT, masu koyon aikin ɗakin gwaje-gwaje.

Me ya sa koyarwa? Likitanci, harhaɗa magunguna, aikin jinya, injiniyanci, duk ba a shigarsu sai da kiredit a kemistiri. Yaron da ya tsani darasin nan tun yana SS1 saboda ba a taɓa nuna masa komai ba sai kwafar rubutu daga allo, an rufe masa ƙofofin nan tun bai san da su ba. Mu kuwa mun shekara biyu muna riƙe buret da fifet, muna haɗa ruwan gwaji da hannunmu. Abin da makarantu da yawa suka rasa ke nan.

Hanyoyin da ke gabanmu

Ta farko ita ce DE. Mai difloma yana sayen fom ɗin JAMB na shiga kai tsaye, a ɗauke shi aji biyu na jami'a, ya yi digirin koyar da kemistiri, wato B.Sc. Ed., cikin shekara uku maimakon huɗu. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Bayero da ke Kano duk suna da tsangayar ilimi. Ana bukatar kiredit biyar na sakandare, ciki har da Turanci da lissafi da kemistiri, sannan jami'o'i suna duba darajar diflomarka. Don haka, ɗan'uwa, kada ka yi wasa da zangon ƙarshen nan.

Ta biyu, ka yi digirin kemistiri zalla ko HND, daga baya ka ɗora PGDE, wato babbar diflomar koyon aikin malanta. Jami'o'i suna yin ta, haka ma Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna. Ta fi tsawo, amma tana bar maka ƙofar aikin kamfani a buɗe.

Ko wacce ka bi, a ƙarshe sai ka yi rajista da TRCN, hukumar da aka kafa a 1993 don tantance malamai. Tana yin jarrabawa ta kwamfuta kafin ta ba da lasisi.

Abin da za a tarar a can

Kemistirin jami'a rassa huɗu ne manya: oganik, inoganik, fizikal da analitikal. Na ƙarshen nan gidanmu ne, mun saba da shi. Amma fizikal lissafi ne tsantsa, wanda ya gudu daga kalkulas a nan zai same shi yana jiransa a can. Ga kuma darussan ilimi, irin su halayyar ɗan koyo da dabarun koyarwa da tsara jarrabawa, sai TP, inda za a tura ka makaranta ka riƙe aji, malami ya zo ya zauna a baya yana ba ka maki.

Sani daban, koyarwa daban

Ɗauki darasin mol, wanda yara suka fi tsoro. Idan ka rubuta 6.02 × 10²³ a allo ka wuce, ka bar rabin aji a baya. Amma ka tambaye su: dozin ɗin ƙwai da dozin ɗin kankana, nawa-nawa ne? Goma sha biyu-biyu. Nauyinsu ɗaya? A'a. To, mol ma dozin ne na masana kemistiri, adadi ɗaya, nauyi daban. Mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, ya ɗara babban cokali kaɗan. Mol ɗaya na gishirin miya kuwa giram 58.5. Daga nan lissafin ya zama wasa.

In kuma makarantar ba ta da kayan gwaji, kicin yana nan. Ka jiƙa zoɓo ka tace, ka raba kofi biyu. Ka matsa lemun tsami a ɗaya, ja zai ƙara haske. Ka zuba ruwan kanwa a ɗayan, zai rikiɗe ya yi duhu ya koma kore-kore. Ka koyar da asid da alkali ke nan da kuɗi ƙalilan. Ka ɗiga lemun tsamin a kan garin kanwa, kumfar da za ta tashi iskar kabon dayoksaid ce. A marinar Ƙofar Mata ta Kano, zane yana fitowa daga rijiyar baba da launin kore-kore, iska na bugunsa sai ya koma shuɗi. Aikin iskar oksijin ne, darasin da yara ke haddacewa ba tare da sun san a unguwarsu ake yinsa ba.

Batun albashi fa?

Kowa ya san malanta ba hanyar kuɗin dare ɗaya ba ce, wanda ya shigo don haka zai gaji da wuri. Sai dai malamin kimiyya ba ya rasa wurin aiki, ga makarantun gwamnati, ga masu zaman kansu, ga darasin yamma na masu shirin WAEC da JAMB. A 2022 kuma an sa hannu kan dokar da ta kai ritayar malamai shekara 65 na haihuwa ko 40 na aiki.

Shawarata, tun kafin fom ya fito, ka nemi takardun sakamakonka su kammala, ka duba sharuɗan jami'ar da kake so a ƙasidar JAMB, sannan ka gwada kanka. Ka tara ƙannenka uku ka koya musu mol. In sun gane, kuma ka ji daɗi a ranka, to da alama hanyar taka ce. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawar ƙarshe, ya zaɓa mana mafi alheri.