Darasi: Makeron Itace Ba Cuta Ba Ne

'Yan'uwa manoma, a zagayen da muka yi wa ƙungiyoyin gama kai a ƙasar Yauri da Ngaski da Shanga, mun iske waɗansu suna kankare ɓawon mangwaro da lemo da adda. Har akwai wanda ya sare itatuwa biyu masu ba da 'ya'ya, wai makero ya kama su. Wannan hasara ce babba.

Abin nan mai ruwan toka ko kore-kore da ke manne a jikin itace da dutse, masana suna ce da shi laiken. Ba halitta ɗaya ba ce, biyu ne suka gama kai. Ɗaya dangin naman kaza ne, shi ke gina gida, ya riƙe laima. Ɗayan kuwa dangin gansakuka ne, shi ke haɗa abinci da hasken rana, su ci tare. Wani masani na ƙasar Suwizalan, Simon Schwendener, ya bayyana haka a 1867, abokan aikinsa da yawa suka ƙi yarda. To, ashe Mahalicci ya kafa gama kai tun kafin mu yi rajista!

An san iri wajen 20,000, ana kuwa ta samun sababbi, musamman a kurmin tuddai na ƙasashe masu zafi inda hazo da raɓa ba su yankewa. A 2014 Robert Lücking da abokansa suka bincika wani da ake yi wa suna ɗaya a Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, suka tarar aƙalla iri 126 ne dabam-dabam. A Nijeriya irin wannan kurmi yana Ngel Nyaki, bisa tsaunin Mambila. Namu na bakin Tabkin Kainji ƙanana ne, suna shanye zafin rani a bushe, ruwan fari ya farfaɗo da su.

Ga abin da ya shafe mu. Laiken ba shi da saiwa, ba ya shan ruwan itace. Wurin zama kaɗai ya ara. Gaskiya ne ya fi yawa a itacen da ke ciwo, amma don ganye ya ragu ne, haske ya sami shiga. Ciwon ya riga shi zuwa. Kankarewa kuwa takan buɗe rauni, ƙwari da ruɓa su shiga.

Ɓarawon na ainihi shi ne kauci. Shi yakan soka saiwarsa cikin reshe ya tsotse ruwan, tsuntsaye kuma suna kai irinsa daga wannan itace zuwa wancan. Wannan kam a sare reshen, can ƙasa da inda ya kumbura.

Kafin taron wata mai zuwa, kowace ƙungiya ta zaga lambunan 'ya'yanta. Inda itace ya rame, a duba kauci a sama, gara a gindi, da ko wutar daji ta taɓa shi. Magatakarda ya rubuta abin da aka gani, ya kawo wa malamin gona.