Yadda ake baƙanta azurfa a gida

Ƴan uwa mata, zanen maƙeran Agadas ya fi fitowa idan azurfa ta yi duhu, kamar ta gado. Ƙwai ya isa wannan aiki.

1. A wanke zobe ko munduwa da sabulu, a bari ya bushe.
2. A dafa ƙwai 2 sosai. A ɓare, a farfasa da zafinsu.
3. A ƙulle su cikin leda tare da azurfar, kada su taɓa juna.
4. A riƙa dubawa. Farar wutar da ke cikin ƙwai ce ke baƙanta ta.
5. A goge sama da tsumma da lallausar toka. Baƙin zai saura cikin zane.

Hattara: toka mai yashi tana karce azurfa. Ƙwan kuma a zubar, kada yara su ci.