Amfanin sanda ta uku a gwajin batir

Wani ɗalibi daga Zariya yana tambaya: me ya sa masu gwajin batir ke tsoma sanda ta uku cikin ruwan sinadari?

To malam, mita bambancin ƙarfin lantarki tsakanin sanduna biyu kawai take aunawa. Idan ya sauka, ba ka san wadda ta gaza ba. Shi ya sa ake kawo sandar ma'auni, mai tsayayyen ƙarfi kamar dutsen sikeli, a gwada kowacce da ita. Ɗaya daga cikin waɗanda ake amfani da su ita ce ta azurfa, wadda ke ba da kusan bolt 0.2 a zafin digiri 25 idan aka gwada ta da sandar ma'auni ta haidirojin. Amma a kula, in bakinta ya bushe ko ya toshe, awon zai riƙa yawo.